Ranar Da Na Kai Muryar Bulus Ja

Mustafa, ranar sunan 'yarka na ji ka a ƙofar gida kana ba abokanka labarin yadda kwamfuta ta cinye muryar Bulus, har kana cewa babanka ya yi gaskiya da bai taɓa yarda da ita ba. Suka yi dariya, ni ma na yi murmushi na shige ciki, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ba laifinka ba ne. Abin da na faɗa muku ke nan a tsakar gidanmu na Makera tun kuna makaranta, kai da Nafisa, kuka ɗauka kuka riƙe. To, ƙarya na yi muku. Kwamfuta ba ta ci komai ba. Tunda na zauna rubuta muku tarihina, gara in gyara wannan da hannuna, kada in mutu ku ci gaba da yawo da ita.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin sauti a gidan rediyo. Ba ni ke magana ba, ko da yake har yau akwai tsofaffi a unguwar nan da suka rantse sun taɓa jin ina karanta labarai. Ni ne na bayan gilashi, hannu a kan maɓallai, ido a kan allurar da ke nuna ƙarfin murya. Wanda ke zaune a gaban gilashin kuwa, a mafi yawan safiyoyin rayuwata, Bulus ne. Mutumin kudancin Kaduna ne, gidansa a Sabon Tasha, dogo, ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Shi ke gabatar da shirin gaishe-gaishe na safe: wane ya yi aure, wance ta haihu, wane na gaida surukarsa a Kakuri. Murya gare shi mai kauri, mai sanyi, in ya ce "Allah ya ba da zaman lafiya" sai ka ji kamar an riga an ba ka. Yana kirana Sule mai kunne, ni kuma ina kiransa Fasto don tsokana, alhali ko cikin mawaƙan cocinsu bai taɓa tsayawa ba. Ko a shekarun da mutanen garin nan suka rage shiga unguwannin juna, tuwon Kirsimeti bai fasa zuwa gidan nan ba, naman layyarmu bai fasa zuwa nasa ba. Kun ci, kun sani.

Sai na ɗan bayyana muku aikin, in ba haka ba ba za ku gane irin wautar da na tafka ba. A tsohon tsari, wanda yanzu ake kira analog, murya a iska take tafiya, kuma hanyar ba ta da tsabta. Tsawar damina na shiga, injin niƙan maƙwabta na shiga, ga hucin nan da ba ya rabuwa da rediyo. Mai sauraro kuma ba a ɗaki mai shiru yake ba. Mai shayi ne a bakin titi, tela ne da kekensa na ƙara, rediyonsa ɗan ƙaramin nan mai batir biyu. Duk kalmar da aka faɗa a hankali ta nutse ke nan. Saboda haka kafin murya ta fita sai ta bi ta wani akwatin ƙarfe da muke kira akwatin matsi. Aikinsa ya ɗaga abin da ya yi ƙasa, ya danne abin da ya yi sama, ya aske kan sautin, ya ƙara masa kaifi, don ƙaramin rediyo haɗiye kaifi yake yi. In ka saurare ta a cikin situdiyo za ka ce an takura mata, amma in ta ratsa iska ta isa wurin mai shayi sai ta fito cif, kamar mutumin na tsaye a gefen tebur. Haka tef ɗin da muke ɗaukar magana a kai. Shi ma yana da nasa hucin, in ka ɗauki murya ƙasa-ƙasa sai ya rufe ta. Don haka aka koya mana mu tura allura har ta riƙa leƙa cikin ja. Tef yana da haƙuri, in ka ɗan wuce da shi lanƙwasawa yake yi, muryar ma ta ƙara ɗumi. Ogan da ya koya mini aiki ya taɓa kai mini ranƙwashi a gaban baƙi saboda allurata ta kwanta. Tun daga ranar, in ban ga ja ba hankalina ba ya kwanciya.

A shekarar da nake ba ku labari aka kawo kwamfutoci, aka kwashe injinan tef aka jibge a sito, aka kuma fara sa shirye-shiryenmu a intanet don masu saurare ta waya. Aka ɗauko sabuwar injiniya mai suna Rahila, mazauniyar Unguwar Boro, wadda ta yi karatun abin, aka ɗora ta a kanmu. Mace ce mai 'ya'yanta biyu, ba ta da hayaniya. Ba ta taɓa raina ni ba, kullum Baba, Baba, har da ɗan rusunawa. Ni ne dai haushi ya cika mini ciki, ba don ta yi mini komai ba sai don ta san abin da ban sani ba.

Alamar farko a gidan nan ta bayyana. Wata safiya uwarku na kicin da rediyonta, kai kuma Mustafa ka kunna tasharmu a waya kana bin ta da ita.

"Baba, ji wani abu," ka ce. "Sai rediyon Mama ya gama faɗin magana, sannan wayata ta fara. Kuma muryar kamar mutum ya sa kai a cikin randa."

"Nawa dai lafiya lau yake," in ji Hajiya, ko juyowa ba ta yi ba. "Ku da kuka ga rediyo bai ishe ku ba."

Na yi dariya na ce ai ga sabon tsarin nan da ake ta kuranta mana. Da na isa ofis ban iya yin shiru ba, na faɗa wa Rahila, ina jin daɗi a raina. Ta saurare ni har na gama.

"Baba, ba laifin intanet ba ne, namu ne," ta ce. "Layin da muke aika wa waya, daga bayan akwatin matsi aka jawo shi."

"To ai nan ne murya ta gyaru."

"Ta gyaru wa iska. A dijital babu tsawa a hanya, babu huci, abin da ka aika shi ke isa, don haka ba ya buƙatar aski. Kuma kafin sauti ya shiga waya ana rage masa nauyi, a zubar da abin da kunne ba zai lura da shi ba. In ka ba shi muryar da aka riga aka aske, sai ya rikice, ya riƙe tarkacen askin ya zubar da mai kyaun. Kamata ya yi mu raba hanya biyu, ɗaya ta bi akwatin ta tafi iska, ɗaya ta tafi waya da ɗan gyara kaɗan."

Na ce mata na ji. Sai ta nuna mini fuskar kwamfutar da nake ɗaukar shiri da ita, inda wasu sanduna biyu ke hawa da sauka.

"Sannan Baba, na ga kana kai su ja. Jan nan ba irin na tef ba ne. Rufi ne, daga shi babu sama. Abin da ya wuce shi ba lanƙwasawa yake yi ba, yanke shi ake yi, kuma ba ya dawowa."

"Rahila," na ce, "tun ba ki san hanyar makaranta ba nake kai allura ja."

"Haka ne, Baba," ta ce, ta koma kan aikinta.

Wannan nake so ku riƙe. Ba wai ba a faɗa mini ba. An faɗa mini da Hausa, a tsanake, cikin ladabi, na yi kunnen uwar shegu. Ta kai maganar raba layi wurin manya, ni kuma na bi ta baya na ce musu a bar akwati inda yake. Da yake na daɗe a gidan, maganata aka bi. Shirye-shiryen da nake ɗauka kuma tana rage musu ƙarfi tun kafin su shiga kwamfuta ba tare da ta faɗa mini ba, don haka ban taɓa cin karo da ɓarnata ba.

Bulus a lokacin ya yi wata huɗu ba ya zuwa aiki. Muryarsa ce ta fara dishewa, aka ce sanyi ne, aka sha zuma da citta, abu ya ƙi. Ran wata Alhamis bayan la'asar sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidan nan, Bulus ya fito a hankali, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Nafisa, ke kika kawo masa ruwa, ba na jin kin manta. Muka zauna a kan benci, ya yi magana da wata murya kamar ta mai mura.

"Sule, Talata za su yi mini aiki. Ƙari ne a maƙogwaro. Likita ya ce rai zai tsira in Allah ya yarda, amma murya ta tafi ke nan."

Na ce Allah Ya sa a dace, na sake cewa Allah Ya sa a dace.

"Bikin Godiya bayan Kirsimeti ne," ya ce. Godiya ita ce 'yarsa, ita kaɗai Allah Ya bar musu. "Shekara talatin ina sa wa 'ya'yan mutane albarka a rediyo. Ranar auren tawa kuma ba zan iya cewa uffan ba. Ina so ka ɗauke ni kafin Talata, a sa a wurin bikin. Da safe in na sha ruwan ɗumi takan dawo mini, ta yi kamar awa guda."

"Fasto, wannan ai ba sai ka roƙa ba."

"Kai nake so, ba wani ba. Kai ka san inda take."

Washegari na shiga sito na duba ko akwai tsohon shirinsa, ko da na gaisuwa ne. Babu ko ɗaya. Shirinsa kai-tsaye ake yi, tef kuma a zamaninmu ba ya isa, gogewa muke yi mu sake ɗauka a kai. Ni da hannuna na goge Bulus ba adadi, ban taɓa tunanin komai ba, tunda gobe ma zai zo. Sai a ranar na gane cewa duk garin nan ya san muryar mutumin, amma babu inda aka ajiye ta. Abin da za mu ɗauka ranar Asabar shi ne zai zama na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Rahila ta ji labari, ta same ni a baranda.

"Baba, gobe ba ni da aiki, amma in zo in saita muku?"

"Ki huta da yaranki," na ce. "Wannan tsakanina da Bulus ne."

Asabar da ƙarfe takwas suka iso, shi da matarsa, Mama Godiya, tana riƙe da filas na ruwan ɗumi. Na buɗe ƙaramin situdiyo. Kafin su zo na riga na cire wayar da Rahila ta haɗa, wadda ke kai murya kwamfuta kai-tsaye, na bi da ita ta tsohon akwatin matsi da ke ajiye a ɗakin. A tunanina ina yi masa gata ne. Ina so Godiya ta ji Bulus na rediyo, cikakke, ba marar lafiya ba. Ya zauna gaban makirfo, ya gyara kwalar rigarsa kamar yadda ya saba, alhali ba mai ganinsa. Mama Godiya ta zauna kusa da ni, ta ciro wayarta daga jaka.

"Malam, bari ni ma in ɗauka a nan, ko don ajiya."

"A'a Madam, a kashe waya," na ce. "Dokar situdiyo ce, tana sa ƙugi a layi. Kuma muryar Bulus a waya? Ga ɗaki guda an gina domin wannan."

Dokar gaskiya ce, waya na sa ƙugi. Amma da na ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗauka, da ba abin da zai faru. Ta kashe, ta mayar cikin jaka, har da ba ni haƙuri.

Na ɗaga masa yatsa, ya fara. Wallahi muryar ta dawo. Ba duka ba, amma ta dawo. Ya fara da gaisuwar da yake buɗe shiri da ita, ya yi 'yar dariya, sannan ya koma kan 'yarsa. Ya tuna mata yadda yake goya ta a babur zuwa makaranta tana barci a bayansa, yana tuƙi da hannu ɗaya yana riƙe da ita da ɗayan. Ya ce mata ta gaji saurin fushinsa, ta kuma gaji saurin hucewar uwarta, ta riƙe na biyun da kyau. Ya ce wa angon, Yohanna, kada ya wahalar da kansa, ba ta cin miyar kuɓewa, an gwada shekara ashirin ba a ci nasara ba. Sannan ya yi musu addu'a, doguwa, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa a rediyo ba. Mama Godiya na share hawaye da bakin gyalenta. Ni kuma abin saurare na kunnena, ina jin muryar tas, mai ɗumi, sandunan kwamfuta na dukan ja suna mannewa a can, ina ta jin daɗi.

Ga inda sabo ya kashe ni. A injin tef, abin da ke zuwa kunnenka daga jikin tef ɗin yake fitowa, bayan an riga an ɗauka. In ka ji da kyau, to ya ɗauku da kyau, ba ka buƙatar maimaitawa. Shekara talatin ban taɓa mayar da tef baya don in tabbatar ba, har ina alfahari da haka. A sabon ɗakin kuwa, abin saurare daga tebur yake, kafin murya ta shiga kwamfuta. Abin da nake ji daban, abin da ake ajiyewa daban. Ya yi kamar minti goma, muryar ta fara kakkarye masa, ya ce amin, ya ɗaga mini babban yatsa ta gilashi.

"Ba za mu ji ba, Malam?" in ji Mama Godiya.

"Ai na ji da kunnena," na ce. "Ku je ya huta. Zan gyara in sa a faifai."

Litinin aka kwantar da shi, Talata aka yi aiki, aka ce an dace. Laraba da safe na zauna da farin cikina zan juye a faifai, na kunna. Kalmar farko ta fito lafiya. Ta biyu sai na ji kamar an yaga sabon yadi a cikin kunnena. Na ɗauka lasifika ce, na canza. Na ɗauka abin saurare ne, na canza. Duk inda Bulus ya ɗan ɗaga murya, duk inda ya yi dariya, duk inda ya kira sunan Godiya, sai ta karce, ta farfashe. Ana gane maganar, amma muryar ta tashi daga aiki. Na kashe sautin. Daga baya na tashi da ƙafata na je na kira Rahila. Ta buɗe hoton sautin a kwamfuta. Na lafiya yakan fito da tsayi da gajarta kamar ciyawa, wannan kuwa a shafe yake sama da ƙasa kamar bulo. Ta dubi wayar da na canza, ta dubi akwatin. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Zan gwada, Baba," ta ce. "Amma abin da aka yanke ba ya nan. Kwamfuta hasashe kawai za ta yi ta cike gurbin."

Kwana uku ta yi a kai, tana barin abincin rana. Abin da ta fitar ya rage karcewa sosai, amma muryar ta zama sumul, siririya, ta wani mutum da ban taɓa haɗuwa da shi ba.

A ranar Larabar ce na dawo gida na zauna a tsakar gida ban cire takalmi ba. Kuka tambaye ni lafiya, na ce kwamfuta ta cinye muryar Bulus. Ban shirya faɗin haka ba, bakina ne ya riga ni, kuma da na faɗa sai na ji sauƙi. Uwarku ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Kwamfuta?"

"Kwamfuta."

"To, Allah Ya kyauta," ta ce, ta ci gaba da shararta. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma ba na jin ta taɓa yarda.

Sati uku na yi ina kewaye-kewaye. Na je asibiti sau biyu, na gaishe shi, ya yi mini alama da hannu yana tambayar faifai, na ce ana kan gyara. Da aka sallame shi ba ni da sauran mafaka. Na hau bas zuwa Sabon Tasha da faifai biyu a aljihu, nawa da na Rahila, ina ta maimaita ƙaryar a raina har na sauka. Na same shi a falo, an rufe masa maƙogwaro da farin ƙyalle, ga littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro a kan cinyarsa. Na sa faifan farko a na'urarsu. Bai kai minti ɗaya ba Mama Godiya ta tashi ta shige kicin. Bulus bai motsa ba, ya saurara har amin. Na sa na biyu, ya saurara shi ma. Na buɗe baki zan ce kwamfuta, sai ya ɗaga hannu, ya yi rubutu, ya juyo mini da littafin.

"Ka kai ja?"

Mutumin da ya yi shekara talatin a gaban makirfo ba a yi masa irin wannan ƙaryar. Na ce na kai. Na ce na bi da shi ta akwatin matsi. Na ce Rahila ta gargaɗe ni, ta ma nemi ta zo na hana ta. Na ce ni na hana Madam ɗauka a waya, kuma ni na ƙi maimaitawa alhali yana zaune, da sauran murya a bakinsa. Ina faɗa ina kuka, ƙato da ni, da furfurata. Ya jawo littafin ya sake rubutu.

"Ni ma ina hango sandunan ta gilashi. In na ga sun sauka sai in ƙara murya."

Na ce wannan ba laifinsa ba ne, aikina ne. Bai musa ba. Ya nuna faifan Rahila ya girgiza kai, ya ɗauki nawa, mai karcewar, ya rubuta a ƙasa: "Wannan ni ne. Wancan ban san shi ba." Da zan tafi Mama Godiya ta rako ni bakin ƙofa, idanunta jawur. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da ka bar ni da wayata."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har ta koma ƙauyensu bayan rasuwarsa ba ta ƙara ba. Tana gaishe ni, tana aiko da tuwon Kirsimeti, amma ba ta sake zama a ɗakin da nake ba.

An sa faifan a wurin biki. Lasifikokin ɗakin taron nasu ma karcewa suke yi da kansu, mutane da yawa ba su lura ba, aka yi dariya a wurin kuɓewa, aka yi kuka a wurin addu'a, Godiya ta taso da farar rigarta ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar ubanta. Mutane suka riƙa zuwa suna yi mini sannu da aiki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Litinin ɗin da ta biyo na shiga ofishin manya na janye maganata, aka raba layi biyu kamar yadda Rahila ta ce, muryar waya ta fito daga randa. Na jawo kujera na zauna kusa da ita na ce ta koya mini daga farko, kuma shekara biyun da suka rage mini a aiki a ƙarƙashinta na yi su, ban sake barin sanda ta kusanci ja ba. Wannan ma ban faɗa muku ba, na bar ku kuna cewa babanku bai taɓa sunkuya wa kwamfuta ba. Bulus ya ƙara shekara huɗu da littafinsa da bironsa. Nakan je ranar Asabar, in yi ta surutu, shi yana rubuta mini baƙar magana.

Da Sallar da ta wuce, kuna wajen surukanku, Godiya ta zo gaishe mu da 'yarta Murna, mai shekara takwas. Yarinyar ba ta taɓa jin kakanta ya yi magana ba, a littafi ta san shi. Godiya ta ce ta juye faifan a waya, yarinyar kuma ba ta gajiya da shi, har ta haddace.

"Yi wa Baba Sule," ta ce mata.

Murna ta miƙe tsaye a tsakar gida, ta gyara kwalar rigarta, ban san wa ya nuna mata wannan ba. Ta fara tun daga gaisuwa, kalma bayan kalma, babur, fushi, kuɓewa. Amma duk inda ta zo wurin dariya, duk inda ta zo sunan uwarta, sai ta shaƙe maƙogwaro ta karce muryarta, daidai inda faifan ke karcewa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki. Na ce wa yarinyar me ya sa take yin haka.

"Haka kakana yake magana," ta ce.

"A'a, Murna. Ba haka muryarsa take ba. Ni ne na ɓata ta ranar da na ɗauka."

Ta dubi uwarta, ta dawo ta dube ni. Ba ta ji haushi ba, tambaya kawai take da ita.

"To yaya take?"

Tana nan a kunnena, cikakkiya, ko yanzu da nake rubutun nan ina jin ta. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na buɗe baki in gwada mata. Abin da ya fito muryata ce, ta tsohon ɗan Makera mai haƙora shida. Na sake gwadawa, yarinyar na tsaye tana jira, hannunta a kan kwalar riga. Daga ƙarshe na ce mata tana da kauri, tana da sanyi. Ta gyaɗa kai don ladabi, ta koma gefen uwarta ta zauna.